Tankin murjani na lita 180: fitila zan fara saya ko sauran kaya?

Sadiku_M:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni shiga harkar nan.

Na daɗe ina kiwon kifin ruwan daɗi da tsirrai, yanzu kuma zuciyata ta karkata ga murjani, irin wanda ke rayuwa a ruwan teku. Akwai sabon tanki a ajiye, tsawonsa santimita 90, faɗinsa 45, zurfinsa 45, wato wajen lita 180 kafin a sa dutse da yashi. Ba a huda gilashin ba, saboda haka babu tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ake sa wa kayan tace ruwa a ƙarƙashin babban, duk abin da zan sa sai dai a ciki ko a rataye a baya. Ko ɗigon ruwa ban zuba ba tukuna.

Kifi ba da yawa nake so ba. Ocellaris biyu, masu ruwan lemo da fararen zanen nan, sun ishe ni a farko. Murjanin ne ya ja ni. Ina son Zoanthus kala-kala a ƙasa, da Euphyllia ɗaya ko biyu saboda yadda suke rangaji in ruwa ya kaɗa su. Ba zan ɓoye ba, burina wata rana in ga Acropora a saman dutsen, amma na san wannan ba na bana ba ne.

Inda na tsaya shi ne fitila. Kuɗin da ke hannuna ba zai ɗauki komai lokaci guda ba, kuma hanya uku ce a gabana. Ko in sayi LED guda ɗaya mai tsada irin su Radion ko Kessil, ko in sayi baƙaƙen akwatunan nan masu araha guda biyu da ake rubuta wa wat 165, ko kuma in koma T5, wato dogayen ƙwayayen fitilar nan sirara, mai ƙwai huɗu. Wani ya ce min in lissafa wat ɗaya a kowace lita kawai in huta, amma raina bai kwanta da hakan ba. Ina kuma da fitilar tsirrai mai farin haske na 6,500K da ta yi min aiki sosai a ruwan daɗi, ko za ta iya riƙe Zoanthus na ɗan lokaci?

Sauran tambayoyin: sikima, wato na'urar da ke cire datti da kumfa, dole ce a tanki irin wannan? Famfon kaɗa ruwa nawa zan sa? Matatata ta gwangwani da nake amfani da ita a tsohon tanki tana nan lafiya lau, in ɗauko ta ko in bar ta?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Malam_Haruna:

Wa alaikumus salam Sadiku. Ka yi daidai da ka tambaya tun tankin yana bushe.

Bari in fara da inda ba ka tambaya ba. In da ni ne, kuɗin farko ba fitila zai tafi ba. Matatar RO/DI, mai tace ruwan famfo ya fito tsantsa, zan fara saya, da na'urar auna gishiri ta rifiraktomita tare da ruwan da ake saita ta da shi mai gishiri 35, wato giram 35 a kilon ruwa, da gishiri mai kyau, da kayan gwajin ruwa. Dalili kuwa, sati huɗu zuwa shida na farko tankinka ba ya bukatar haske ko kaɗan. Ƙwayoyin bakteriya ne za su zauna a dutse suna mai da amoniya zuwa nitrait, nitrait zuwa nitrat, kuma ka san wannan tun daga ruwan daɗi. In ka kunna fitila mai ƙarfi a wannan lokacin gansakuka kawai kake ciyarwa. Don haka kana da fiye da wata guda na tara kuɗin fitila ba tare da ka rasa komai ba. Ruwan famfo kuwa, ko da ka kashe kulorin ɗinsa, yakan zo da fosfat da silika, wani lokaci har da jan ƙarfe daga bututu, kuma babu fitilar da za ta gyara maka wannan. Ma'aunin TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa, ya nuna sifili a ruwan da ke fitowa daga matatar, in ya fara hawa ka canza garin DI da ke cikin matatar.

To yanzu fitila. Ka manta da lissafin wat a lita. Wat yana faɗa maka wutar da fitila ke ci ne, ba hasken da ke isa jikin murjani ba. Akwatunan wat 165 ɗin nan ma, an samo lambar ne daga ƙwayoyi 55 sau wat 3, amma in ka auna a soket ba sa jan haka.

Abin da ake aunawa shi ne PAR, wato yawan hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 da ke sauka a wuri. Murjani dabba ne, amma a cikin namansa akwai wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da ake kira zooxanthellae, su ne ke sarrafa haske su ba shi abinci, a wasu nau'o'in har kusan kashi 90 cikin 100 na abin da yake bukata. Su kake saya wa fitila, ba idonka ba. Zoanthus da Discosoma da Sarcophyton suna zama lafiya tsakanin PAR 50 da 150. Euphyllia ɗinka wajen 75 zuwa 150 ya ishe ta, kuma na ga ta fi buɗewa a ƙasa-ƙasa fiye da a tsakar haske. Acropora ce ke neman 200 zuwa 350. Ka ga kenan abin da kake son farawa da shi ba mai cin haske ba ne sosai, zurfin santimita 45 kuma ba wani zurfi ba ne.

Batun launi. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa ƙasa, kuma waɗannan halittu sun fi kama haske a tsakanin nanomita 420 da 470. Shi ya sa fitilun murjani suke karkata ga shuɗi da shunayya. Fitilarka ta 6,500K ba guba ba ce, murjani yana iya girma a ƙarƙashin irin wannan farin haske in yana da ƙarfi. Amma Zoanthus ɗin da ka biya kuɗi saboda kalarsa zai fito maka ruwan ƙasa, ƙyallin kore da lemon nan ba za ka gan shi ba, yawancin fitilun tsirrai kuma ba su da ƙarfin da ake bukata. Ka ajiye ta, in wata rana ka yi ɗan tanki na noman gansakukar Chaetomorpha don rage nitrat za ta yi maka amfani.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne bazuwar haske. Tankinka dogo ne, 90. LED guda ɗaya matsakaiciya, komai tsadarta, wajen santimita 60 da 60 take rufewa da kyau. Za ka samu tsakiya tana ƙuna, gefe biyu suna duhu. Sannan hasken da ke fitowa daga wuri ɗaya yana yin inuwa mai kaifi, murjani mai rassa sai ka ga samansa da kala, ƙasansa ya koɗe yana mutuwa. Wannan ne ya sa har yau nake kan T5. Ƙwai mai wat 39 shi ne daidai tsawon tankinka, guda huɗu, misali Blue Plus biyu da Coral Plus biyu na kamfanin ATI, hasken ya bazu ko'ina daga gefe zuwa gefe, babu madannin da za ka yi ta murɗawa. Huɗu sun ishi duk abin da ka lissafa, har murjanin Montipora a sama. In lokacin Acropora ya zo, shida ake so.

Gaskiyar da zan faɗa maka game da T5 ita ce ana canza ƙwayayen duk wata 9 zuwa 12, suna ƙara zafi a ruwa, kuma akwai zaiba a cikinsu. Tarayyar Turai ta hana shigo da sababbin T5 da T8 na hasken gida kasuwa tun watan Agustan 2023, kuma ina ganin hakan zai rage masu ƙera su gaba ɗaya. Ka tabbatar za ka riƙa samun ƙwai kafin ka ɗaure kanka da ita.

A cikin ukun da ka lissafa, guda ɗaya mai tsada ita ce ta ƙarshe a wurina, don tsawon tankinka kawai.

Hajiya_Rabi:

Sannu ƙanena. Malam Haruna ya gama maganar haske, ni sauran kayan zan taɓa.

Sikima ba dole ba ce a lita 180 da kifi biyu. Aikinta shi ne ta yi kumfa, dattin da ya narke a ruwa ya manne da kumfar ya hau kofi kafin ya ruɓe ya zama nitrat. Abu ne mai kyau, amma in kana canza kashi 10 cikin 100 na ruwa duk sati, wato wajen lita 15 zuwa 18, ka riga ka yi mafi yawan aikinta. Nawa tankin na Zoanthus ne da Euphyllia, babu sikima, kuma na lura sun fi son ruwan da ke da ɗan abinci a ciki. Nitrat tsakanin 5 da 10, fosfat wajen 0.03 zuwa 0.1, duka a miligiram a lita. In duka biyun suka sauka sifili murjani yakan koɗe, kuma a nan ne dinoflagellates, wasu ƙananan halittu masu lulluɓe yashi da dutse, ke samun ƙofa, su kuma fitar da su wahala ce ta watanni. In kifinka suka ƙaru, sai ka nemi sikima mai rataya a baya tunda ba ka da tankin ƙasa.

Abin da ba zan yarda ka yi tsimi a kai ba shi ne motsin ruwa. Murjani ba ya tashi daga inda yake, ruwa ne ke kawo masa abinci da iskar oksijin, ruwa ne kuma ke kwashe masa datti da majinar jikinsa. Ka nemi abin da zai juya ruwan tankin sau 20 zuwa 30 a awa, wato lita 3,600 zuwa 5,400. Ƙanana biyu suna fuskantar juna daga gefe biyu sun fi babba ɗaya, saboda inda ruwansu ya haɗu sai ya rikice ya bi ko'ina. Kada ka saita famfo kai tsaye kan Euphyllia, ƙashinta yana da kaifi, ruwa mai ƙarfi yana goga namanta a kai har ya yage. Ɗaya daga cikin famfunan ya ɗan kalli sama don fuskar ruwa ta riƙa motsi, musamman da yake babu sikima.

Matatar gwangwani ka bar ta. Dutsen da ke cikin tanki shi ne matatarka. Gwangwani yana tara datti a inda ido ba ya gani, in ba duk sati za ka buɗe ka wanke ba nitrat zai yi ta hawa. Akwai kuma tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: ka taɓa sa maganin kifi mai jan ƙarfe a tsohon tankin? In ka taɓa, soso da duwatsun cikin matatar nan kada su kusanci murjani, ɗan kaɗan ɗinsa yana kashe murjani da dodon koɗi da jatan lande.

Ka sayi na'urar da ke ƙara ruwa da kanta. Ruwa ne ke tashi ya bar gishiri a baya, don haka ruwan RO zalla ake ƙarawa, ba mai gishiri ba. In da hannu kake yi, gishirin zai riƙa hawa da sauka kullum. Ka tsayar da shi a 35, wato 1.026 a ɗayan ma'aunin.

Sai magana ɗaya da nake so ka riƙe da muhimmanci tunda Zoanthus kake so. Wasu daga cikinsu, musamman danginsu Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna palytoxin, kuma ba a gane mai ita da ido. Safar hannu da gilashin kare ido duk lokacin da za ka yanka ko ka goge dutse. Kada ka taɓa tafasa dutsen da suka zauna a kai ko ka zuba masa ruwan zafi, tururin yana ɗaukar gubar zuwa huhun duk wanda ke cikin gidan. Hukumar CDC ta Amurka ta fitar da rahoto a 2015 kan mutanen da suka kamu ta hanyar shaƙa a jihar Alaska. In akwai yara a gida, hannunsu ya yi nesa da ruwan.

Sadiku_M:

Malam, Hajiya, na gode ƙwarai. Maganar cewa ba na bukatar fitila a makonnin farko ta sauke min nauyi, don na ɗauka sai komai ya haɗu kafin in zuba ruwa. Matatar gwangwani ta fita daga lissafi, na taɓa sa irin wannan maganin a tsohon tankin.

T5 ta burge ni yadda Malam ya kwatanta ta, sai dai ɗakin da tankin zai zauna yana ɗaukar zafi da rana, ina tsoron ƙarin zafin. In na koma kan akwatunan LED biyu masu araha, akwai wanda yake amfani da su ya faɗa min yadda yake saita su? Na'urar auna PAR kuma na duba ta kamfanin Apogee, ta fi ƙarfin aljihuna a yanzu. Ta yaya zan san hasken bai yi yawa ba in ba ni da ita?

Nura_Acro:

Yaya Sadiku, da irin akwatunan nan na fara, kuma suna rainon murjani, har Acropora. Matsalarsu ba rashin ƙarfi ba ce, ƙarfin ne ma ya yi yawa a wuri ɗaya. Yawancinsu suna zuwa da ƙananan gilasai masu tattara haske a kusurwar digiri 90, sai ka samu tabo mai zafi a ƙarƙashin kowace fitila, ka kuma ga ɗigon ja da kore suna rawa a kan yashi saboda launukan ba su gauraya ba. Maganinsa ka ɗaga su sama, santimita 30 zuwa 40 daga fuskar ruwa. Wasu suna cire gilasan gaba ɗaya ko su sa farin faranti mai watsa haske a ƙasa. PAR zai ragu, amma kana da rara.

Saitin da zan ba ka na farawa: shuɗi a kashi 30 zuwa 35, fari a kashi 10 ko ƙasa da haka. Shuɗin ya yi awa 10 a kunne, farin ya yi 6 zuwa 8 a tsakiya. Ka sa su a kan agogon soket don lokacin ya zama ɗaya kullum. In za ka ƙara, kashi 5 a sati ya isa. Ido yana ruɗin mutum a nan, domin idonmu ba ya ganin shuɗi da shunayya da haske sosai, sai tankin ya yi maka kamar duhu alhali murjani yana shan wuta. Sabon murjani kuma ka fara ajiye shi a kan yashi, bayan sati ɗaya ko biyu ka matsar da shi sama kaɗan. Kamar wanda ya daɗe a ɗaki mai duhu ne aka fito da shi tsakar rana.

Ba sai ka mallaki na'urar PAR ba, aikin yini ɗaya ne. In akwai mai ita kusa da kai ka ara ko ka yi haya, ka auna wurare da dama a kan dutse da yashi da famfuna a kunne, ka rubuta, shi ke nan. In babu, murjanin zai faɗa maka. Zoanthus da haske ya yi wa kaɗan yakan miƙa wuya ya yi tsawo, kalarsa ta koma ruwan ƙasa a hankali. Wanda ya yi wa yawa yakan tsuke, ya ƙi buɗewa da rana, ya fara fari. Na farkon yana ba ka makonni ka gyara, na biyun cikin kwanaki yake lalacewa, shi ya sa ake farawa daga ƙasa.

Inda na saɓa da Malam Haruna kaɗan shi ne kan fitila mai tsada. Ba haske kawai ake biya ba, har da launukan da suka gauraya da kyau, da fanka mara ƙara, da jiki mai jure gishiri. Masu arahar nan ƙarfen jikinsu yana tsatsa, fankar takan fara kuka, ka riƙa goge gishirin da ke bushewa a kansu. In ka san Acropora ce makomarka, ƙanana biyu masu kyau irin AI Prime za su rufe 90 ɗinka don Zoanthus da Euphyllia, daga baya ka ƙara T5 biyu a gefensu don cike inuwa. Haɗin nan shi ne nake amfani da shi yanzu.

Malam_Haruna:

Nura ya faɗi gaskiya, haɗin LED da T5 ba ni da ja a kansa. In ɗakin yana zafi, ka tafi LED ɗin.

Amma tunda ka ambaci zafi, ka auna shi tun kafin murjani ya shigo. Makonnin da tankin zai yi babu kowa a ciki, ka sa ma'aunin zafi ka riƙa dubawa da asuba da kuma la'asar. Ana son digiri 25 zuwa 26, kuma kada ya riƙa tsalle da fiye da digiri ɗaya a yini. A teku ma, digiri ɗaya kacal sama da zafin da murjani ya saba da shi a lokacin bazara, in ya ɗauki makonni, yana sa shi ya fitar da zooxanthellae ya yi fari. Ƙaramar fanka da ke hura fuskar ruwa tana sauke digiri ɗaya zuwa biyu, sai dai ruwa zai fi saurin tashi, a nan na'urar da Hajiya ta ce za ta yi maka rana. In da fankar ma kana wuce 28, to na'urar sanyaya ruwa ta shiga gaban fitila mai tsada a jerin sayayyarka. Hita kuma in za ka sa, ƙanana biyu masu wat 100 a kan na'urar da ke yanke musu wuta sun fi ɗaya mai 200, don hita takan lalace ne tana kunne.

Duk igiyar wuta ka bar ta ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya tsaya a lanƙwasar, soket ɗin kuma ya zama mai yanke wuta da kansa in wutar ta zurare ta shiga ruwa. Ka tanadi batir ko da na famfo ɗaya ne. Murjani zai yi kwana biyu ko uku babu haske bai damu ba, amma ruwa in ya tsaya cik, cikin awoyi oksijin ke ƙarewa. Teburin ma ka duba shi, da ruwa da dutse da gilashi nauyin zai doshi kilo 250.

Ranar da Euphyllia ta shigo ka fara auna alkaliniti, wato kabonat ɗin da murjani ke gina ƙashinsa da shi, duk sati, ka riƙe shi wajen 8 dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, magnesiyam wajen 1,300, su biyun a miligiram a lita. Da murjani kaɗan canjin ruwa zai riƙe maka su, sai ka ga alkaliniti yana sauka tsakanin canji da canji sannan ka fara tunanin ƙara sinadari.

Sadiku_M:

To na tsayar da shawara. Wannan watan RO/DI, gishiri, rifiraktomita, busasshen dutse, famfuna biyu da kayan gwaji. Na'urar ƙara ruwa da fanka su biyo baya, fitila sai na ga abin da ma'aunin zafi ya nuna. Hajiya, in ba damuwa ki turo hoton yadda kika jera famfunanki, ina so in ga tsayin da kika sa su daga yashi kafin in manna dutsen.